Daga Bakin Hanyar Gawi: Lita Ɗaya, Tafiya Nawa?

 

Ina da wani maƙwabci a nan Gawi, dattijo ne da ya ajiye aikin gwamnati, wanda motarsa ta daɗe tana tsaye a gindin dogon yaro a ƙofar gidansa. Ba lalacewa ta yi ba. Kowace Juma'a da hantsi yakan sa jikansa ya wanke ta, shi kuma ya shiga ya tayar da injin na 'yan mintoci don kada batir ya mutu, sa'an nan ya kashe, ya lulluɓe ta da tamfol, ya ɗauki sandarsa ya nufi bakin hanya neman abin hawa. Wata rana na ce da shi: "Baba, ga mota a gida, me ya kai ka tsayuwar rana?" Sai ya yi murmushi ya ce: "Malam, ai ni da ita mun yi sulhu. Ba za ta ci abincin iyalina ba, ni kuma ba zan sayar da ita ba."

Maganar ta ba ni dariya, amma da na zauna da alƙalami sai dariyar ta tsaya. A watan Fabrairu na shekarar 2024 ne gwamnati ta ɗaga farashin litar fetur, wanda aka fi sani da esansi a bakin jama'a, daga sefa 518 zuwa 730, gazuwal kuma daga 700 zuwa 828. Ƙarin sefa 212 ke nan a kan kowace litar fetur, wato fiye da kashi 40 cikin ɗari a dare ɗaya. A lissafin iyayenmu mata na kasuwa, lita ta tashi daga dala ɗari da 'yan kai ta koma dala 146. Ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki, aka yi ta ce-ce-ku-ce a gidajen rediyo, daga baya gwamnati ta sanar da rangwame a kuɗin ruwa da na wuta har ƙarshen waccan shekara. Sai dai mota ba ta shan ruwan famfo, farashin kuwa bai sake komawa inda yake ba.

Ga lissafin da na yi. Gawi tana da nisan kamar kilomita 10 daga Injamena, amma wanda aikinsa yake tsakiyar gari, idan aka haɗa zuwa da dawowa da ɗan ratsen ajiye yara a makaranta, ba zai rasa cin kilomita 30 a wuni ba. Tsohuwar mota irin wadda yawancinmu muke iya saye takan sha lita 10 a kilomita 100, wani lokaci fiye. Lita 3 ke nan a kullum. A tsohon farashi sefa 1,554 ne, a na 2024 kuma 2,190. Bambancin sefa 636 a rana ba ya tayar da hankali a ido, amma a kwanakin aiki 26 ya zama sefa 16,536, alhali kuwa mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasar nan jaka 60 ne. Ƙarin kawai, ban da ainihin kuɗin man, ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na albashin ƙaramin ma'aikaci. Dattijon nan bai yi karatun tattalin arziki ba, amma ya riga ni isa ga amsar.

Abin da ya fi ci wa mutanen wannan yanki rai shi ne ganin da suke yi wa abin da ido. Matatar mai ta Jarmaya tana nan arewa da birni, tafiyar kilomita 40 ko makamancin haka, kuma tankokin da suke ɗauko mai daga can ba baƙi ba ne a hanyoyinmu. Tun 2003 Cadi take fitar da ɗanyen mai daga yankin Doba, ta bututun da ya ratsa Kamaru har bakin teku a Kiribi. A watan Yuni na 2011 aka buɗe matatar, wadda kamfanin CNPC na ƙasar Sin yake da kashi 60 a cikinta, gwamnati kuma kashi 40, aka gina ta don tace ganga dubu 20 a rana. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna murnar da aka yi, domin kafin nan man da muke sha daga Najeriya da Kamaru yake shigowa. Za su kuma tuna cewa ba a yi nisa ba, a farkon 2012, aka rufe matatar na ɗan lokaci saboda saɓani a kan farashi. Tun ranar farko, ke nan, rigimar lita nawa take biye da ita.

Hujjar da hukuma ta bayar a 2024 ita ce, man namu ya fi na maƙwabta araha, don haka ake kwashe shi ana tsallakawa da shi iyaka, mu kuma a bar mu da layi a gidajen mai. Adalci ne a ce maganar tana da ƙamshin gaskiya. A ranar 29 ga Mayu, 2023, shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin fetur a Najeriya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce naira dubu kafin ƙarshen 2024. Man Najeriya mai araha da ya saba cika kwalaben arewacin Kamaru ya yi tsada. Kamaru ma ta ƙara nata farashin a Fabrairun 2024, fetur ya koma sefa 840, gazuwal 828. Mai karatu zai lura cewa a lokacin gazuwal ɗinmu da nasu sun zo daidai wa daida. Tsakaninmu da Kusiri kuwa gadar Ngeli ce kawai. Duk na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce laifin mai fasa-ƙwauri, malamin makarantar da bai taɓa tsallaka kogi da jarka ba shi zai biya tararsa kowace safiya.

To, ya biya ko ya ƙi, ga shi nan yana biya. Abin da nake so mu duba shi ne yadda biyan ya sauya mana hali a kan hanya, domin sauyin ya fi yadda muke zato.

Wani sauyin alheri ne, ba sai na daɗe a kansa ba. Maigidan da a da yakan shiga gari sau uku a wuni yanzu yakan tara buƙatunsa ya yi fita ɗaya. Uwargida takan rubuta cefanen mako guda, a je kasuwar Dembe ko ta Digel sau ɗaya a gama. Kafin a tayar da babur zuwa wurin wani, sai an buga waya an tabbatar yana nan. Kuɗin da a da sai an kai hannu da hannu, yanzu ta Airtel Money ko Moov Money ake turawa. Matasan da ba sa iya zuwa masallacin unguwa sai a kan babur sun tuna cewa suna da ƙafa, kuma ban ji wanda hakan ya kwantar a asibiti ba.

Sai kuma yadda ake sayen man kansa. Na daɗe ban ji wanda ya ce a cika masa tanki ba. "Zuba na jaka ɗaya," shi ne abin da za ka ji. A da jaka ɗaya takan ba ka kusan lita biyu, a farashin 730 kuwa ko lita ɗaya da rabi ba ta kaiwa. Shi ya sa allurar mai ta mutane da yawa ta koma zama a ƙasa, kuma ganin magidanci da babbar riga yana tura babur a bakin titi ya daina zama abin kallo. Wannan tsimi ne mai cin kansa. Dattin da yake kwance a gindin tanki shi inji yake zuƙa idan mai ya yi ƙasa, kuma a motocin zamani famfon da yake tura man a cikin tankin yake zaune, man ne yake sanyaya shi. Wanda ya saba tafiya da tanki busasshe, wata rana zai sayi famfo da kuɗin da ya fi na lita ashirin.

Ni kaina ban tsira ba. Wata magariba mai ya ƙare mini a hanyar dawowa gida, na sayi kwalba biyu a bakin hanya a wurin wani yaro da ban sani ba. Ban yi kilomita biyu ba babur ya fara tari yana fitar da hayaƙi. Washegari bakanike ya kwance kafireta, ya sansana, ya dube ni ya ce: "Malam, wannan ai fitila aka zuba maka." Kananzir aka gauraya. Na biya wankin kafireta, na sayi sabon buji, na rasa aikin rabin wuni. Ba na cewa duk masu sayar da mai a kwalba haka suke. Da yawansu mutanen kirki ne masu neman halali, kuma a inda babu gidan mai kusa su ne rufin asirinmu. Sai dai tun daga ranar a wurin wanda na san fuskarsa da gidansu kawai nake saye.

A nan ina so in yi magana da iyaye mata musamman, domin abin a ɗakinku yake kwana. Tun ƙarancin man da aka yi a 2023, lokacin da aka tsayar da matatar Jarmaya don gyara, mutane suka kwana a layi, magidanta da yawa suka ɗauki al'adar ajiye jarkar fetur a gida saboda gudun ɓacin rana. Na shiga gidan da na ga jarka a bayan ƙofar ɗakin kwana, na kuma ga wadda aka jingina a jikin bangon madafa. Fetur ba sai ya zube yake kama wuta ba. Tururinsa ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya watse, a ƙasa yake bi yana rarrafe har ya iske murhu ko kaskon turaren wuta. A watan Afrilu, lokacin da zafin Injamena yake haura digiri 40, jarkar roba takan kumbura, murfinta ya riƙa shaƙar da tururin ba tare da an gani ba. Hajiya, idan maigida ya shigo da jarka, kina da ikon cewa a fitar da ita. In ya zama dole a ajiye, to a waje, a inuwa, nesa da wuta da hannun yara, kuma kada a taɓa zuba shi a robar ruwan sha ko kwalbar lemo.

Akwai kuma tsimin da ni a wurina ganganci ne da rai. Na farkonsa lodin yara. Duk mai fita da sassafe ya san wannan hoto: uba a kan babur, yaro ɗaya a kan tanki, biyu a baya, wani lokaci har da na goye a hannun babbar yarinya, jakunkunan makaranta na reto, babu mai hular kwano ko ɗaya. A da sawu biyu yake yi, yanzu ɗaya. Na san abin da ya kai shi, kuma ba na yi masa dariya, domin ni ma na yi. Amma babur mai ɗauke da mutum biyar ba ya tsayawa a inda direba ya taka birki, ba ya kuma kauce wa rami yadda aka saba. Yaron da yake kan tanki shi ne farkon isa ƙasa.

Sauran gangancin ma ba su da ko hujjar tsimin. Wasu suna kashe fitilar babur da dare wai tana shan mai, alhali abin da take ci bai taka kara ya karya ba. Wasu direbobin mota sukan kashe inji tun daga nesa su bar ta ta gangara zuwa shataletale, ba su san cewa da inji ya mutu birki yakan yi tauri, sitiyari ya yi nauyi ba, a daidai wurin da aka fi bukatar su. Mafi yawa kuma su ne masu bin hannun da ba nasu ba, don kada su je su zagayo. Na yi wa wannan lissafi shi ma. Babur mai shan lita 3 a kilomita 100, idan ya yanke mita 300, abin da ya tsira da shi bai kai dala biyu ba. A kan dala biyu mutum yake tunkarar babbar mota gaba da gaba.

'Yan kilando ma sun sake salo. A da yawo suke yi suna neman fasinja, yanzu sun fi zama a inuwa su jira a zo. Idan ka ce Gawi za ka, musamman bayan magariba, sai ya ce sai dai ka biya har da na dawowa, domin ya san da wuya ya samu wanda zai ɗauko daga nan. Ban ga laifinsa ba, amma nauyin a kan wa ya faɗa? Ya faɗa a kan matan Kotoko na garin nan, waɗanda ginin tukwane da randuna ya sa sunan Gawi ya fita duniya. Randa kaya ce mai cin wuri, mai saurin fashewa, mai ƙaramar riba. Ba a matsa ta kamar buhun gero, kuma idan kuɗin kai ta kasuwa ya ƙaru ba a iya ɗora shi duka a kan mai saye, don robar kanti tana nan tana jiransa. Ya kuma faɗa a kan 'yan'uwanmu da rikicin Afirka ta Tsakiya ya koro, waɗanda aka sauke a Gawi a 2014. Waɗanda suka ci gaba da zama a wannan yanki, neman abincinsu a cikin gari yake, kuma wanda aikin yini yake yi, idan kuɗin zuwa da dawowa ya cinye rabin ladan, sai ya fara tunanin ko zaman gida ya fi.

Amma duk wannan bai kai abin da zan faɗa yanzu damuna ba. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa idan mai ya yi tsada mutane ba sa rage tafiyar dole, tafiyar da suke ganin ta ganin dama ce suke fara yankewa. Aiki dole ne, makaranta dole ce, kasuwa dole ce. To mece ce tafiyar ganin dama a gidan Bahaushe? Gaisuwar goggo a Farca. Dubiyar mara lafiya a Waliya, can tsallaken kogi. Barkar haihuwa, kai amarya, rakiyar gawa zuwa maƙabartar Lamaji, zaman makoki na kwana uku. Su ne muka yanke, ba tare da mun zauna mun yanke shawarar yanke su ba. Kowane ɗaya da uzurinsa: wannan makon babu mai, sai mako mai zuwa.

Ina da inna, ƙanwar mahaifiyata, a can yammacin gari. A da ba na yin mako biyu ban je ba. Da na je a bayan sallar da ta wuce, sai ta dube ni ta ce: "Ɗana, ashe kana gari? Ni na ɗauka muryarka ce kawai ta rage a cikin waya." Na ƙirga a zuciyata, wata huɗu ke nan. Saƙon murya a WhatsApp na tura mata ya fi ashirin, kuma har ga Allah ina ganin na sauke nauyi. Ita kuwa ba ta ƙirga su a cikin zuwa ba. Tsohuwa ba labari take nema ba. So take a zauna a tabarmarta, a sha ruwan randarta, ta ga yadda jikokinta suka girma, ta kuma samu wanda zai lura cewa ƙafarta ta kumbura tun kafin ta faɗa. A ranar na lura. Da na zo da wuri da an fara magani da wuri.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga irin wannan hali ba. A rikicin mai na 1973 ƙasar Holan ta hana hawa mota a ranakun Lahadi, Amurka kuma ta ƙayyade gudu a manyan hanyoyinta a 1974. A Faransa ƙarin harajin mai ne ya fito da masu rigunan ɗorawa kan titi a 2018. A kusa da mu, jihohin Kwara da Edo na Najeriya sun rage wa ma'aikata ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako bayan janye tallafin 2023, gwamnatin Borno kuma ta zuba motocin haya masu rangwame a Maiduguri, har da masu aiki da lantarki. A duk waɗannan wurare hukuma ta ɗauki wani ɓangare na nauyin. Mazaunin Gawi kuwa babu motar hayar gwamnati da yake jira a kan lokaci, dabararsa ce kawai jarinsa.

Bakaniken nan da ya wanke mini kafireta ya ba ni tasa dabarar kyauta, na kuma gwada na ga amfaninta. Ya ce yawancin man da muke kuka a kansa ba hanya ce take shanye shi ba, sakaci ne. Tayar da ba ta da isasshiyar iska jan inji take yi, kuma duba ta bai fi minti biyu ba a wurin mai faci. A lokacin hunturu ƙura takan toshe matatar iskar babur cikin 'yan kwanaki, inji ya riƙa shan mai fiye da kima yana baƙin hayaƙi, maganinsa kuwa a ciro ta a tsabtace. Sarƙa busasshiya ma ɓarauniya ce. Sai murɗa totur da ƙarfi a tashi, a zo a taka birki da ƙarfi a tsaya, wanda ya ce shi ne halin samari da yake ciyar da masu gidajen mai. Ya ƙara da cewa wanda ya fita kafin cunkoson safe ya kama hanyar Digel ya fi wanda ya makara da rabin awa tsira da mai, domin injin da yake kunne a tsaye sha yake yi ba tare da ya kai ka ko'ina ba.

A layinmu kuma mun fara wani abu tun bayan damina. Gida huɗu ne muke da yara a makarantu masu kusa da juna, sai muka raba kwanaki, muka kuma yi sharaɗin cewa babu babur da zai ɗauki fiye da yara biyu. Ranar da lissafin bai fita ba, manyan cikinsu su bi motar haya, kuɗin daga asusu ɗaya. Sa'an nan muka je wurin dattijon nan mai mota a gindin dogon yaro, muka roƙe shi. Yanzu kowane gida yana ajiye jaka biyu a wata a hannun liman, a zuba wa motar mai, ta zama ta jana'iza da asibiti da ziyarar tsofaffi sau ɗaya a wata. Ranar Asabar da ta wuce mutum biyar ta kwasa, ta ajiye kowa a ƙofar danginsa daga Digel har Farca, ta biyo ta kwashe mu bayan la'asar. Inna ta ba ni kuka da daddawa in kawo wa mai motar.

Abin da ba mu daidaita a kansa ba tukuna shi ne taya. Ta baya ta hagu ta suɗe har zare ya fara leƙowa. Baba ya ce tun da jama'a ke hawa jama'a za su saya, wasu daga cikinmu kuma suka ce tun kafin a fara hawa take a suɗe. An ɗage maganar zuwa Juma'a bayan an sauko daga masallaci.